EPOCH 650 da Matsalar Hayaniya: Abin da Take Sharewa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Duk wanda ya taɓa ɗora kan gwaji, wato furob, a gefen walda mai kauri ya san wannan hoto. Layin da ke ƙasan allo, wanda ya kamata ya kwanta lumui, sai ya cika da ƙananan tsinaye cunkus, wasu na rawa wasu na tsaye, kamar ciyawar da ta ɓullo bayan ruwan farko. Masu sana'ar ma ciyawa suke ce mata. A tsakiyar wannan ciyawa ake laluben amsa-kuwwar tsaga, wadda wani lokaci ba ta fi maƙwabtanta tsayi da komai ba. In ta kuɓuce, an sa hannu ke nan a takardar da ke cewa bututu lafiyarsa ƙalau alhali da tsaga a cikinsa. In kuma aka ɗauki ciyawa a matsayin tsaga, an sa a farke walda mai kyau a banza. Shi ya sa sharhin nan zai tsaya a kan tambaya ɗaya game da na'urar EPOCH 650: me take yi da hayaniya, wato waɗannan tsinaye marasa amfani?

EPOCH 650 na'urar hannu ce ta gano aibi a cikin ƙarfe da sautin altarasonik, ba tare da an yanka ko an fasa abin da ake dubawa ba. Olympus ce ta ƙera ta, kuma tun da aka ware sashen kayan bincike na kamfanin a 2022 aka ba shi suna Evident, ana ganin sunayen biyu a kasuwa. Nauyinta kilo 1.6, allonta 640 da 480, batirinta na ɗaukar wajen awa 15. Tana aiki da furob mai kiristal ɗaya (kiristal shi ne ɓangaren da ke fitar da sauti ya kuma karɓe shi), ko mai biyu, ko furob biyu masu kallon juna. Sauran bayanin jikinta yana cikin takardar talla, ba sai an maimaita ba.

Kafin a taɓa kowane maɓalli, a fara gane wace hayaniya ce ake fama da ita, domin ba iri ɗaya ba ce kuma maganinsu daban-daban. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. A ɗaga furob daga kan ƙarfe, a goge jel ɗin da ke ƙasansa tas, a bar ƙarfin karɓa, wanda allo ke rubuta wa Gain, yadda yake. Tsinayen da suka ci gaba da rawa alhali furob na sama, na lantarki ne: ko daga cikin amfilifayar na'urar, ko waya ce ke kwaso su daga injin walda, inbata, giranda ko motar kiren da ke kusa. A zare wayar daga jikin na'ura. In sun kwanta, daga waje suke shigowa. Waɗanda suka rage a farkon allo suna tsaye ƙyam, sauti ne da ke yawo a cikin takalmin robar furob mai kusurwa. Waɗanda kuma suka ɓace da zarar an ɗaga furob, suka dawo da aka mayar, daga cikin ƙarfen suke. Su a lura da halinsu: in hannu ya tsaya cak, su ma sun tsaya cak, in an matsa milimita ɗaya ko biyu sai tsarinsu ya sauya gaba ɗaya, wannan ya nutse wancan ya taso. Wannan ita ce ciyawa ta gaskiya, amsa-kuwwar ƙwayoyin ƙarfen kansa.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne, a kan nau'in farko na'urar gwana ce. A kan na ƙarshe kuwa abin da take iya yi kaɗan ne, kuma mai saye ya kamata ya san haka kafin ya biya kuɗi.

Daga wajen bugu aikin yake farawa. Na'urar tana aika wa kiristal bugun lantarki mai siffar murabba'i, wanda ake iya sauya faɗinsa daga nanodaƙiƙa 25 zuwa 5,000, da ƙarfin 100, 200, 300 ko 400 V. Amfanin irin wannan bugu yana gefunansa biyu. Gefen farko ya tunkuɗa kiristal, na biyu ya zo ya tura shi ta ɗaya ɓangaren. Idan gefen na biyu ya iso daidai lokacin da kiristal ke juyowa da kansa, turawar biyu sun haɗu, sautin da ke fita ya kusan ninkawa. Wannan na faruwa ne idan faɗin bugu ya yi daidai da rabin zagaye ɗaya na kaɗawar furob: nanodaƙiƙa 100 ga furob mai 5 MHz (kaɗawa miliyan biyar a daƙiƙa), kusan 222 ga mai 2.25 MHz, 500 ga mai 1 MHz. A wannan na'ura adadin MHz ake shigarwa, ita ta daidaita faɗin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sauya furob a manta da wannan saiti. Wanda ya cire furob mai 2.25 MHz ya sa mai 5 MHz bai gyara ba, bugunsa ya ɗan wuce zagaye guda kaɗan, gefen na biyu yana kashe abin da na farko ya tayar. Sai amsa ta yi rauni, ya ƙara Gain don ya cike giɓin, hayaniyar amfilifaya ta taso tare da ita, ya kama zargin na'ura.

Daga 100 zuwa 400 V ninki huɗu ne, desibel 12 a lissafi. Wannan riba ce ta gaske a kan hayaniyar lantarki, tunda duk desibel da aka samu daga bugu ana iya rage shi daga Gain. Amma a duba takardar furob tukuna, domin kiristal mai yawan MHz siriri ne, babban bugu na rage masa kwana. Akwai kuma saitin danne kaɗawa mai matakai huɗu, om 50, 100, 200 da 400. Na 50 yana gajarta bugu, ya rage makahon yankin da ke ƙarƙashin furob, ya taimaka wajen raba amsoshi biyu masu kusa da juna. Na 400 yana barin kiristal ya yi ta kaɗawa, sauti ya ratsa nesa, amma wutsiyar bugu ta yi tsawo.

Filta ce wurin da na'urar ta fi cancantar yabo. Mai karɓarta yana ji daga 0.2 zuwa 26.5 MHz, kuma akwai filta ta dijital har 30 da za a zaɓa. Bakwai daga ciki su ne aka tantance bisa ƙa'idar EN 12668-1: 0.2 zuwa 1.2, 0.5 zuwa 4, 0.2 zuwa 10, 1.5 zuwa 8.5, 2 zuwa 21.5, 5 zuwa 15, da 8 zuwa 26.5 MHz. Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci mai sauƙi ne. Hayaniyar amfilifaya a warwatse take a kowane mataki na kaɗawa, ita kuwa amsar furob a ƙunci take, kewaye da adadin da aka ƙera shi a kai. Duk faɗin da aka buɗe fiye da inda amsa take, ƙofa ce aka buɗe wa hayaniya kawai. Furob mai 5 MHz a kan filtar 2 zuwa 21.5 yana sauraron faɗin 19.5 MHz. A mayar da shi kan 1.5 zuwa 8.5, faɗin ya koma 7, hayaniyar irin wannan ta ragu da desibel 4 da ɗoriya, amsar kuma kusan tana nan yadda take. Ga furob mai 2.25 MHz, filtar 0.5 zuwa 4 ce mazauninsa. Ga mai 10 MHz, 5 zuwa 15.

Akwai wani abu da sabon hannu ba ya lura da shi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Adadin da aka buga a jikin furob shi ne abin da ke fita, ba lallai shi ne abin da ke dawowa ba. Ƙarfe mai shanye sauti yana fara cinye ɓangaren da ya fi saurin kaɗawa, don haka amsar da ta yi doguwar tafiya tana dawowa a ƙasa da yadda ta tafi. A mayar da allo zuwa yanayin RF, inda ake ganin igiyar sama da ƙasa yadda take, a faɗaɗa amsar bayan ƙarfe, a auna tazarar da ke tsakanin tsini biyu na jere. Idan furob mai 5 MHz ne amma tazarar ta kai nanodaƙiƙa 300, to abin da ke dawowa bai wuce 3.3 MHz ba, kuma filtar 5 zuwa 15 za ta yanke mafi yawansa ta bar hayaniya. Da abin da ya dawo ake zaɓar filta. A kuma sani cewa matse ta fiye da kima na da nasa farashi: amsa tana yin jela, tsinaye biyu masu kusa su narke su zama ɗaya, ramin tsatsa da ke dab da bayan faranti ya ɓuya a cikin amsar bayan. Kuma duk lokacin da aka sauya filta, tsayin amsa da lokacin isowarta sun ɗan motsa, dole a koma kan tubalin saiti, V1 na ISO 2400 ko V2 na ISO 7963, a sake zana layin DAC, wato layin da ke nuna yadda tsayin amsa ke raguwa da zurfi. Wanda ya yi saiti da filta ɗaya ya yi aiki da wata, adadin da ya rubuta a rahoto ba shi da tushe.

Sai ɗaukar matsakaici. Na'urar tana iya tara amsoshin bugu 2, 4, 8, 16 ko 32 a jere ta nuna matsakaicinsu. Amsar aibi tana zuwa a lokaci ɗaya da siffa ɗaya kowane bugu, don haka tana nan daram. Hayaniyar lantarki kuwa yanzu sama anjima ƙasa, sai ta riƙa kashe kanta. Bugu 4 na ba da desibel 6, bugu 16 na ba da 12, bugu 32 kusan 15. A wurin da injin walda ke aiki a gefe, abin gani ne: tsinayen da ke tsalle har rabin allo suna durƙushewa, amsar rami ta fito fes. Aibinsa na farko shi ne ba ya cikin abin da na'urar ke zuwa da shi, ƙarin manhaja ne da ake saye daban. A ganinmu wannan bai dace ba ga na'urar da ake ɗauka zuwa ma'aikatu masu cike da injuna, kuma mai saye ya tambaya tun a takardar farashi ko an haɗa da shi.

Aibi na biyu daga lissafi yake. Matsakaici yana buƙatar furob ya tsaya. A bugu 60 cikin daƙiƙa, tara 32 na cin fiye da rabin daƙiƙa. Mai jan furob a milimita 150 cikin daƙiƙa, wanda shi ne iyakar saurin da ƙa'idar gwaji ta ASME Sashe na V ta sa, ya riga ya wuce milimita 80 a wannan lokaci. Amsar ƙaramar tsaga da ta bayyana a bugu uku ko huɗu kawai za a raba ta da 32, ta nutse. Ke nan abin da aka kunna don a ga aibi shi ne zai ɓoye shi. Hanyar da ta dace ita ce a yi sharar farko ba matsakaici, ko da 2 kawai, in an ga abin zargi a tsaya a kansa sannan a kunna 16.

Wani zai ce to a ƙara yawan bugu mana, tunda na'urar na kaiwa daga 10 har 2,000 a daƙiƙa. A nan fatalwa ke shigowa. Ɗauki dunƙulen ƙarfen ƙira mai laushin ƙwaya, kaurinsa milimita 300. Igiyar matsi, wato sautin da ke kaɗa ƙarfe ta hanyar da yake tafiya, na tafiya kusan mita 5,920 a daƙiƙa, zuwa da dawowa mikrodaƙiƙa 101 da ɗan kai. Irin wannan ƙarfe ba ya shanye sauti sosai, amsar bayan za ta yi ta kai da komo. A bugu 2,000, tazarar bugu da bugu mikrodaƙiƙa 500 ce, amsa ta biyar kuwa tana isowa a kusan 507, bayan sabon bugu ya riga ya tashi. Na'ura ba ta san na tsohon bugu ba ce, sai ta zana ta a zurfin milimita 20, tsini mai kyau, tsayayye, kamar aibi na gaske. Matsakaici ba ya taɓa ta, domin tana zuwa a kan lokaci kowane bugu. Gwajinta shi ne a sauya PRF, wato yawan bugu a daƙiƙa, da hannu: aibi na gaske ba ya motsi, fatalwa kuwa sai ta yi tsalle ko ta ɓace. Damar sauya wannan adadi goma-goma da hannu na cikin kyawawan abubuwan na'urar, kuma a kan manyan ƙarfen ƙira gara a sauke shi da hannu da a bar wa atomatik.

Yanzu ga ciyawa. Ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da inda ta fuskanta, kuma saurin sauti yana ɗan bambanta daga wannan zuwa waccan. A kan iyakar kowace biyu wani ɗan sauti yana warwatsewa, dubban waɗannan su haɗu su dawo wa furob. Muddin tsawon zangon sauti ya fi ƙwaya girma nesa ba kusa ba, warwatsewar tana ƙaruwa da girman ƙwaya ninki uku a kan kansa, da yawan kaɗawa ninki huɗu a kan kansa. A sa adadi a ga nauyin maganar. Ƙwaya mai lamba 8 a ma'aunin ASTM tana kusan mikromita 22, mai lamba 5 kusan 64. Girma bai kai ninki uku ba, amma warwatsewa ta haura ninki 20. A ɗaya ɓangaren, sauka daga 4 MHz zuwa 2 MHz yana rage ta ninki 16. Waldar sitenles nau'in ostenitik kuwa ƙwayoyinta dogaye ne kamar ginshiƙai, tsawonsu na kai milimita da yawa, ban da warwatsa sauti har karkatar da shi suke yi daga hanyarsa, aibi ya bayyana a inda ba nan yake ba.

Ciyawa amsa-kuwwa ce ta gaske, daga bugun da aka aika ta samo asali. Saboda haka duk abin da ya ƙarfafa amsar aibi ya ƙarfafa ta daidai wa daida. A ɗaga bugu zuwa 400 V, ta tashi. A tara bugu 32 furob na tsaye, tana nan yadda take, sai ma ta ƙara fitowa sarai tunda rawar lantarkin da ke kanta ta kwanta. A kunna TCG, saitin da ke ƙara Gain gwargwadon zurfi, don a daidaita amsoshi masu zurfi, ciyawar da ke zurfi ta miƙe tare da su. Filta kaɗai ke ɗan taɓa ta, idan aka zaɓi ta ƙasa don a yanke ɓangaren sama inda warwatsewa ta fi yawa, kuma ribar ba ta da yawa tunda ciyawa da amsar aibi daga furob ɗaya suka fito, a faɗi ɗaya suke zaune.

A nan ne hannu ke zuwa kan Reject, kuma a nan muke roƙon a janye shi. Wannan saiti yana goge duk abin da bai kai wani tsayi ba, daga sifili har kashi 80 cikin ɗari na allo. A wannan na'ura an yi shi da kyau gwargwadon yadda za a iya: ba ya rage tsayin abin da ya haura layin, kuma allo yana nuna alamar gargaɗi muddin yana kunne. Amma rufe ido ne kawai. Ciyawar tana nan, ƙaramar tsagar da ke cikinta ma tana nan, an dai hana mai aiki ganinsu ne. Ya kuma rasa wata alama mai daraja: in jel ya ƙare a ƙarƙashin furob ko furob ya ɗaga a kan tsatsa, ciyawa ce ke fara ɓacewa, mai lura ya gane sauti ba ya shiga. Allon da aka share da Reject, shiru yake ko sauti na shiga ko ba ya shiga. Ba banza ba ƙa'idar walda ta AWS D1.1 ta ce a kashe shi a duk lokacin saiti da gwaji.

Mizanin da ya kamata a auna kowace na'ura da shi yana cikin ISO 17640, inda aka ce hayaniya ta kasance aƙalla desibel 12 ƙasa da matakin da ake fara tantance amsa. Desibel 12 ninki huɗu ne. A kan ramin gefe, wato ramin da ake hudawa a gefen tubali don saiti, mai faɗin milimita 3 da aka kai amsarsa kashi 80 na allo, matakin tantancewa na ajin karɓar walda na 2 a ISO 11666 yana desibel 14 ƙasa da haka, wato kashi 16. Ciyawa ke nan kada ta wuce kashi 4. A kan waldar ƙarfe na yau da kullum, da furob mai 4 MHz ko 2 MHz da filtar da ta dace, EPOCH 650 na cika wannan ba wahala. A kan zubin sitenles mai kauri, babu maɓallin da zai kai ta can, kuma gaskiyar da za a rubuta a rahoto ke nan. Irin wannan walda ma tana da ƙa'idarta daban, ISO 22825.

Maganin ciyawa yana wajen furob, kuma abin yabo ne cewa na'urar ba ta tsaya masa a hanya ba. Mataki na farko a sauka ƙasa: 2 MHz, 1 MHz, har 0.5 MHz ga zubi mai manyan ƙwayoyi, bugu da filta duk suna kaiwa can. Abin da za a rasa shi ne ƙananan aibobi, domin a 1 MHz tsawon zangon igiyar matsi ya kusan milimita 6, abin da bai kai wajen rabin haka ba da wuya ya amsa. Mataki na biyu a bar igiyar gicciye, wadda ke kaɗa ƙarfe a gicciye da hanyar tafiyarta, a koma ta matsi. Igiyar gicciye na tafiya wajen mita 3,240 a daƙiƙa, zangonta ɗan fiye da rabin na matsi ne a kaɗawa ɗaya, shi ya sa ƙwayoyi suka fi kama ta. Furob mai kusurwa mai kiristal biyu na igiyar matsi, wanda ake kira TRL, ya haɗa riba biyu: zango mai tsawo, sannan mai aikawa da mai karɓa suna haɗuwa ne a wani zurfi kawai, ƙwayoyin da ke wajen wannan yanki ba a jin su sosai. Sharaɗinsa shi ne kowane furob da zurfinsa, walda mai kauri na buƙatar biyu ko uku, kuma yana fitar da igiyar gicciye a gefe wadda ke kawo amsoshin da sai an san su. Mataki na uku idon mai aiki ne. A riƙa ɗan motsa furob gaba da baya: tsinayen ciyawa suna kyaftawa, amsar tsaga kuwa tana tashi a hankali, ta yi tafiya a kan allo, ta sauka a hankali. Allon na'urar yana sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, ya isa ido ya bi wannan tafiya, kuma saitin da ke riƙe kololuwar amsa yana zana siffar tudun.

Abin da babu a cikinta shi ne sarrafa sigina mai zurfi. Tun farkon shekarun 1980 Newhouse da Bilgutay da abokan aikinsu suka fito da dabarar tsaga faɗin kaɗawa. Ana ɗaukar amsa guda ta furob mai faɗin ji, a raba ta da ƙananan filtoci masu yawa. Tunda ciyawa haɗuwar dubban ƙananan amsoshi ce, siffarta tana sauyawa daga wannan yanki zuwa wancan, amsar aibi kuwa tana nan a lokaci ɗaya a cikin dukkansu. Sai a ɗauki mafi ƙanƙanta a kowane lokaci, ko a riƙe inda duka suka fuskanci gefe ɗaya. Akwai kuma tacewa da ƙananan igiyoyi ta hanyar sa iyaka, wadda aikin Donoho da Johnstone na 1994 ya yaɗa, ita ta fi ƙarfi a kan hayaniyar lantarki, kuma in aka ɗaga iyakar da yawa tana share ƙaramin aibi kamar yadda Reject ke yi. Duka biyun aikin kwamfuta ne a kan siginar RF, EPOCH 650 ba ta yin ko ɗaya. Abin da mai ita zai iya yi shi ne kwaikwayo na hannu: ya tsayar da furob a kan tsinin da yake zargi, ya bi filtoci uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya ga wane tsini ne ya ƙi barin wurinsa. Wannan don ganewa ne kawai, ba a auna girman aibi da shi. Wanda sitenles mai kauri ne aikinsa na kullum, furob mai jerin kiristal da yawa ya kamata ya nufa, irin wanda OmniScan X3 ke tuƙawa, domin tattara sauti a wuri ɗaya yana rage yawan ƙwayoyin da ke amsawa. Wannan kuwa wani aji ne na na'ura da na horo.

Kashi mai yawa na hayaniyar da ake ɗora wa na'ura daga waya yake. Ana samun ta da soket na BNC ko LEMO 1, kuma inda waya ke mutuwa shi ne dab da filogi, wurin da take lanƙwasa kullum. Robar waje tana nan lafiya, amma saƙar ƙarfen da ke kare zaren ciki ta tsittsinke. Alamarsa a fili take: a riƙe furob a kan tubali, a murza wayar da yatsu biyu kusa da filogi, in layin ƙasa ya yi tsalle ko amsa ta ragu da desibel ɗaya ko biyu, wayar ta gama aiki, kada a naɗe ta da tef. Kada a shimfiɗa ta a jere da wayar injin walda, in dole ne su haɗu su gitta juna. A kusa da manyan injuna a yi aiki da batiri, a cire caja, domin caja hanya ce da hayaniyar layin wuta ke bi ta shigo kowace na'ura irin wannan, kuma awa 15 sun isa yini. Fuskar ƙarfe ma da nata: tartsatsin walda da ɓawon tsatsa suna hana sauti shiga, a ƙara Gain, hayaniya ta biyo. ISO 17640 ta ce giɓin da ke tsakanin furob da ƙarfe kada ya wuce rabin milimita, kuma in bambancin shigar sauti tsakanin tubali da kayan aiki ya haura desibel 12, a tsaya a nemo dalili. Sau da yawa minti biyar na giranda ya fi duk filtocin nan 30 amfani.

Mai niyyar saye kada ya yarda a gwada masa ita a kan tubalin V1 kaɗai, domin ƙarfe ne mai laushin ƙwaya da aka zaɓa musamman, kowace na'ura kyau take yi a kansa. Ya zo da guntun kayan da zai riƙa dubawa, mafi munin da yake da shi, a huda masa ramin gefe na milimita 3 a kashi uku cikin huɗu na kaurinsa. A kai amsar ramin kashi 80, Reject a sifili, matsakaici a kashe. A matsa gefe inda babu rami, a ƙara Gain har kololuwar ciyawa a wannan zurfi ta kai kashi 80 ita ma, a rubuta desibel nawa aka ƙara. Wannan adadi shi ne tazarar amsa da hayaniya. A maimaita da filta biyu ko uku, da furob mai 4 MHz da mai 2 MHz, sannan a kunna matsakaici na 16 a sake aunawa. In adadin ya ƙaru sosai, hayaniyar ta lantarki ce, ƙarin manhajar ya cancanci kuɗinsa. In bai motsa ba, kuɗin ya tafi wajen furob.